Rasuwar Katifar Inno

Da zuciya cike da baƙin ciki, da 'yar kunya a gefe, ni Bitrus Ɗanjuma, ma'aikacin gidan gurzar auduga a Funtuwa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ɗanja da Bakori da Malumfashi rasuwar katifarmu, wadda aka fi sani da Katifar Inno. Ta cika ranar Talata da hantsi, jingine da katangar tsakar gida, bayan an yanke mata hukunci. Ba ta yi gardama ba. Dama ba mai yawan magana ba ce.

An haifi marigayiya a Ɗanja, shekarar da aka bar fam aka koma naira. Audugar gonar babanmu ce. Mahaifiyata, Inno, ta ware mai kyau kafin a kai kasuwa, ta gurje ta da hannunta, ta shiɓe, Jibo tela ya ɗinka mata riga mai ratsin shuɗi. Tun daga ranar ba ta huta ba. Ta ɗauki babanmu da nauyinsa, ta ɗauki baƙi, ta sha fitsarin jikoki ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Magana ɗaya na san ta da ita: in ka zauna a kanta sai ta ce "fuuu", a hankali, kamar tsohuwar da ta dawo daga gona.

A kanta Inno ta cika, da damina, shekara huɗu da suka wuce. Numfashinta na ƙarshe ma haka ya fita, har na ɗauka katifar ce. Bayan an binne ta, gurbin jikinta ya ƙi tashi daga tsakiyar katifar. Mun juya ta, mun shanya, mun bubbuga da sanda, kwana biyu sai gurbin ya dawo, daidai tsawon Inno, har da wurin kafaɗa. Na daina faɗa wa mutane.

A gidanmu, duk wanda ba shi da lafiya kan katifar Inno ake kwantar da shi. Haka muka taso muka gani. Ita ce mai laushi, ita ce mai albarka. Saboda haka da 'yata Salome, 'yar shekara shida, ta fara atishawa da jan ido, ƙirjinta yana fito kamar an sa mata usur a ciki, ban tsaya tunani ba. Na ɗauke ta na sa a gurbin kakarta, na rufe taga, na lulluɓe ta da bargo. Abin ya ƙaru. Na ƙara bargo. Ran Asabar kuma in na fito da katifar zan kakkaɓe, Salome na gefena da 'yar sandarta tana taya ni, ƙura na tashi, ni kuwa ina yaba ƙwazonta.

Maƙwabta suka fara raɗa cewa Inno ce ke kiran jikarta, tun da a ɗakin kaɗai ciwon ke kama ta. Na ce ni Kirista ne, ban yarda da wannan ba. Amma da asuba in na ji fiton nan yana fitowa daga gurbin, bakina kaɗai ke da bangaskiya. Matata Roda ta ce ta lura yarinyar lafiya lau take kwana a gidan Gwaggo a Bakori, kan tabarma tsura. Na ce uwata take zagi. Ta goya Salome, ta hau mota zuwa asibiti a Malumfashi, na bi ta da hula a hannu.

Likitan ya saurari ƙirjin yarinyar, sannan ya tambayi a kan me take kwana. Na ba shi tarihin marigayiya da alfahari. Ya ce a cikin tsohuwar auduga akwai waɗansu ƙwari da ido ba ya gani, dubbai, abincinsu ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mai barci, kashinsu kuma shi Salome ke shaƙa yana toshe mata ƙirji. Na zauna ina lissafin wa da wa suka ci. Babanmu. Inno. Ashe maƙwabta ba su yi kuskure da yawa ba, akwai masu rai a gurbin nan, kuma a jikin uwata suka girma.

Marigayiya ta bar mijinta, gadon ƙarfe, wanda yanzu ake goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ta bar matasan kai biyu da suka ce za su bi ta, da bargo da zanin gado waɗanda Roda za ta riƙa yi wa wankan tafasasshen ruwa kowane mako, da labule da aka sallama daga aiki. Ta bar kuma kuɗin cizo marayu masu yawa. Magajiyarta katifar soso ce, cikin rigar leda, ba ta da ƙamshin kowa, ba ta cewa komai. Ɗakin ma yanzu sai an yayyafa ruwa ake share shi, Salome tana waje.

Tun da aka fitar da marigayiya fiton ya ɗauke. Shirun ne yanzu ke tashe ni. Sai in je in sa kunne a bayan yarinyar, in ji numfashi na shiga yana fita ba tare da ya nemi izini ba. Jiya ta tambaye ni inda Kaka za ta riƙa kwana. Na ce zan tambayi Fasto.

Za a yi jana'iza ran Asabar da yamma a bayan gari, gefen gonar maƙwabcinmu Mati, inda iska ke kaɗawa nesa da gidaje. Mati ya nemi a ba shi gawar, an hana shi, don yana da ƙananan yara. Fasto ya ce ba hurumin majami'a ba ne, amma zai zo ya tsaya. Salome za ta wuni a Bakori, kada hayaƙi ya same ta. Roda ce za ta kawo kananzir. Ashana kuwa, Roda ta ce ni zan ƙyasta, ni ne babban ɗa. Masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri da tabarma. In katifar ta ce "fuuu" sa'ad da wuta ta kama ta, ina roƙon wanda ke kusa ya riƙe min hannu, kada in kashe wutar.