Cigiyar Tumakin da Ba Su Ɓata Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Asabar a ƙasar Turawa, ko da kuwa tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu. Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, a cikin tumaki gemuna ya yi fari. Ban da haka, idan dabba ta shiga gonar wani a yankinmu, ina cikin dattawan da mai gari yake turawa su duba ɓarna. Na faɗi wannan ne don ku san ba yaro ne ya yi abin da za ku ji ba. Babban mutum ne mai jikoki, da hularsa a kai.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, ma'aikaciyar jinya ce a Dublin, babban birnin ƙasar Ireland. Ita da mijinta Nafi'u suka matsa sai na je na ga inda suke zaune. Na je kuwa, kuma tun daga ranar farko bakina bai rufu ba.

Sun ɗora ni a wata mota mai bene wadda ba ta da rufi, ana ruwa muna zaga gari, wai yawon buɗe ido ke nan. Na ga kare sanye da riga, mai shi kuma ba hula. Na ga mutane sun yi layi suna biyan kuɗi don su shiga tsohon gidan yari, da ƙafarsu! Rana ta ƙi faɗuwa, na zauna da alwala ina jiran magariba har na fara gyangyaɗi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani makeken lambu a tsakiyar birni, barewa garke guda suna kiwo, yara na wucewa ba mai ko jifansu.

Na ce, "Uwata, waɗannan na waye?"

Ta ce, "Baba, a nan idan ka ga abu, ka kalle shi kawai ka wuce."

(Ku riƙe wannan maganar. Ni dai ban riƙe ta ba.)

Ana nan sai Uwata ta ce ranar Asabar shugabarta a asibiti, wata dattijuwa mai suna Madam Nora, ta gayyace mu cin abinci a ƙauyensu da ke cikin duwatsu. A mota Uwata ta yi ta ja mini kunne kamar ni ne ɗan, ita ce uban. Ashe aikinta na gwaji ne har lokacin, kuma a ƙarshen watan nan Madam Nora ce za ta ce a tabbatar da ita ko a sallame ta. Idan aka sallame ta, zamansu a ƙasar ma ya zo ƙarshe.

Ta ce, "Baba, don Allah, yau ɗaya dai. Ka ci abinci, ka yi murmushi."

Raina ya ɗan sosu. Na ce, "Ni da nake sasanta Bafulatani da manomi, zaman cin abinci ne zai gagare ni?"

Hanyar kuwa sai wanda ya gani. Ciyawa kore shar har kan duwatsu, ruwa na gangarowa ta ko'ina ba mai tara. Na tuna yadda shanunmu suke lasar ƙasa a Sule Tankarkar kafin saukar damina, na ce Allah mai rabo.

Madam Nora ta tarbe mu da fara'a. Kafin komai sai da ta zaga da mu lambunta na gaban gida: kabeji, latas, da wasu furannin wardi ja da fari jere a jikin katanga. Ta shafa ɗaya ta yi magana a hankali, Uwata ta fassara mini cewa marigayi mijinta ne ya dasa su da hannunsa, kuma kullum da safe a nan take shan shayinta. Na ce Allah sarki. An shirya tebur a tsakiyar lambun, mata suka shiga kicin, Nafi'u ya bi su da ɗaukar kwanuka. Ni kuma na yi azahar, na ɗauki laimar Nafi'u na ce bari in miƙe ƙafa. Na fita ta ƙaramar ƙofar lambun na bar ta a buɗe. Wa yake rufe ƙofa da rana tsaka?

Wata siririyar hanya na bi, katangar dutse dama da hagu, tana hawa tudu. A ƙarshenta na tarar da rami a tsakiyar titi an shimfiɗa masa ƙarafa, ga wata ƙofar katako a gefe. Na ce ikon Allah, gada ba kogi. Ina tsallakawa sai na gan su.

Tumaki ne, jama'a, tumaki masu ƙiba kamar an hura su, sun bazu a gefen titi, wasu ma a kwance a kan kwalta. Na duba gabas, na duba yamma, babu makiyayi. Na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, mai tumaki!" Shiru. Na matsa kusa na dube su da kyau. Kowace tunkiya da fenti a gadon bayanta, wasu shuɗi, wasu ja.

To, duk wanda ya taɓa shiga kara, wato kasuwar dabbobi, ranar Alhamis ya san ma'anar fenti a bayan dabba. An saye ta, an biya, an yi mata alama, saura lodi. Nan take na gano komai (a ganina): motar wani falke ce ta buɗe a hanya, kaya suka zube bai sani ba. Ni kuwa na san wannan ciwon. Shekarun baya ƙofar motarmu ta taɓa ɓallewa a hanyar Gagarawa, raguna suka watse a daji, wani manomi da ban taɓa gani ba ya tattara su ya kai gidan mai gari, aka yi cigiya na same su cif. Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a. Na ce yau ga ranar ramawa, wani bawan Allah na can yana salati. Bari in kora su cikin gari a yi cigiya.

Na naɗe hannun riga, na buɗe ƙofar katakon nan, na zaga ta bayansu. Na buɗe laima na rufe, na yi musu irin kukan da muke yi. Wallahi tunkiya tunkiya ce ko a ina. Babbar cikinsu ta shige ƙofa, saura suka bi ta ɗuu. Ina biye ina taƙama, har ina tsara yadda Madam Nora za ta ce wa Uwata, lallai kin fito daga gidan mutunci.

Abin da ban lissafa ba shi ne gangara. Da suka ji tudu ya juya sai suka zuba da gudu, ni kuma gwiwa ta ƙi. Katanga dama, katanga hagu, babu wurin ratsewa a duk hanyar sai guda ɗaya, ƙofar da wani mai hankali ya bari a buɗe.

Tun daga nesa na ji ƙarar fashewar faranti. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ko da na iso ina haki, lambun ya cika maƙil. Kabeji ya tafi. Tebur ya kife, wata tunkiya ta sa kai a kwanon dankali. Nafi'u na tsaye a kan kujera da cokalin miya a hannu yana cewa "Kai! Kai!" Furannin marigayi kuwa, wasu manya guda uku sun ɗora ƙafa a katanga suna tsinke su ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar an gayyace su.

Uwata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi tumaki, ta dubi laimar da ke hannuna.

"Baba, me ka yi?"

Na ce, "Cigiya na kawo."

Ban taɓa jin maganar da ta fito daga bakina ta yi mini wauta irin wannan ba.

Sai ga wani tsoho jajir a kan babur mai ƙafa huɗu, da kare a bayansa. Yayan Madam Nora ne. Yana ta magana da ƙarfi yana nuna dutse, ni kuma tsabar ruɗewa na ce masa "Bonju, mushe," gaisuwar da nake yi wa jandarmomin Nijar a kan iyaka. Nafi'u ya sauko daga kujera ya yi mini bayani da muryar ta'aziyya. Tumakin ba su ɓata ba. Na mutanen ƙauyen ne, haka suke sakin su a dutse wata da watanni ba makiyayi, fentin kuma shaidar mai su ce. Gadar da ba kogi an yi ta ne don kada su sauko. Wato a duk ƙasar nan babu abin da ya raba su da gidansu sai ni.

Kare ya fitar da su cikin ɗan lokaci. Madam Nora ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta je jikin katanga ta ɗauki wani reshe da aka tattake, ta tsaya tana kallonsa. Na dubi Uwata na ga hawaye na zuba, ba ta ko sharewa. A nan ne kunya ta kama ni sosai. Yarinyar nan ta yi shekaru tana wahala a ƙasar mutane, ni kuma na zo da laima na rushe mata a yini ɗaya.

Na cire hulata na durƙusa a gaban matar nan, a cikin ragowar kabeji. Uwata ta ce, "Baba, tashi don Allah!" Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin gwiwata a ƙasa ba sai a salla.

Na ce, "Ba zan tashi ba. Faɗa mata abin da zan ce, kada ki rage. Ki ce a garinmu ni nake duba ɓarna, yau ni ne mai ɓarna. Na zaci dukiyar wani ce ta ɓata. Laifina ne ni kaɗai, ke ba ruwanki, kin ma gargaɗe ni."

Ta fassara mata duka. Madam Nora ta dube ni, sannan ta tambayi yadda ake yi wa mai ɓarna a garinmu. Na ce ya biya, ko ya gyara da hannunsa. Ta juya ta shiga wani ɗan ɗaki. Na ce shi ke nan, 'yan sanda za ta kira. Sai ga ta da shebur da dogon takalmin roba na marigayi.

Haka sauran hutuna ya ƙare. Gidan sarautar da Uwata ta yi niyyar kai ni, da bakin teku, da gidan tarihi, ko ɗaya ban gani ba. Kullum Nafi'u ya sauke ni da safe, in yi ta haƙa da dashe cikin yayyafi, Madam Nora ko yayanta suna nuna mini da hannu. Furannin ma ashe ba su mutu ba, an datse su, kafin in taho har sun fara toho.

Ina gida da sati biyu Uwata ta kira ni tana dariya da kuka a haɗe. An tabbatar da ita. Wai Madam Nora ta ce wadda ubanta zai tattaro tumakin gari guda don kada wani baƙo ya yi asara, za a iya bar mata marasa lafiya. Amma ta ƙara da cewa kada a sake bar wa uban ƙofa.

Hoto ɗaya ne ya iso Maigatari daga duk tafiyar, Nafi'u ne ya turo wa ƙanensa (Allah ya saka masa): ni da babbar riga da takalmin roba, ina tura baro. Yanzu a kara Sarkin Cigiya suke ce mini. Na kuma koyi darasi. Kafin ka ceci abu, tambayi ko ya ɓata. Kwanan baya akuyar maƙwabcina ta wuce ni a ƙofar gida tana jan igiya, na ɗauke ƙafata na ba ta hanya, na ce Allah ya kiyaye.