Yadda Ake Sayen Mota da Idon Dillalin Shanu

Kai da aka ɗora wa nauyin nemo wa sabon direba mota mai araha, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Sunana Mijinyawa. Shekara talatin da ɗaya ina dillancin shanu a nan Njamena, kuma sau biyu kacal saniyar da na zaɓa ta mutu a hanya. Mota kuwa sau ɗaya na taɓa saye a duniya, daga wannan ɗayan na tara ilimin da zan ba ka kyauta. Bi matakan nan yadda na bi su. Na yi maka alkawari za ka dawo gida da mota, mutuncinka kuma ko ƙwarzane ba zai samu ba.

Mataki na 1: Karɓi aikin da ba ka iya ba

Yayana Gado mahauci ne a unguwar Lamaji. Shekara ashirin yana ɗaura nama a bayan babur kowace safiya, yana kai wa Hajiya Zuleha mai gidan abinci a Gardole. Bana gwiwoyinsa suka ce sun gaji. 'Yarsa Hansatu, mai shekara ashirin da biyu, ta tara ribar kilishinta ta shiga makarantar tuƙi, ta ci jarrabawa a zama ɗaya, ta dawo da permi, wato lasisi. Ta ce ita za ta riƙa kai naman.

Gado ya ja, ya ja, daga baya ya yarda da sharaɗi: gwaji na wata ɗaya. In Hajiya ta yi ƙorafi, permin ya shiga akwati, maganar tuƙi ta mutu. Ita ma Hajiya ta kafa nata: nama ya iso kafin ƙarfe takwas, don akwai mahauta a bakin ƙofarta suna jira.

Sai Gado ya sayar da bijimai biyu, ya kira ni ya ce ni ne mai ido a gidanmu, in nemo mata mota. A daidai nan za ka ji wata 'yar murya a ranka tana tuna maka cewa ba ka san kuloci daga birki ba. Yi banza da ita. Gyara hularka ka ce, "Yaya, abu mai ƙafa huɗu ai duk ɗaya ne."

Mataki na 2: Kada ka kuskura ka tafi da makanike

Yarinyar za ta kawo wannan shawara, don yaran yanzu ba su da kunya. Hansatu har da takarda ta zo, ta jera abubuwan dubawa da Faransanci, guda goma sha ba-ka-sani-ba. Ka karɓi takardar da fara'a, ka ninke ta, ka sa a aljihu. Ka bayyana mata cewa a kasuwarmu wanda ya zo ciniki da likitan dabbobi ya zagi mai dabba, ya kuma zagi dillali. In ta ce mota ba saniya ba ce, ka tuna mata kai ka riƙe ragon sunanta.

Mataki na 3: Sayi a hannun wanda ka san kakansa

Ni wurin Inusa dillalin motoci na je. Kakansa da kakanmu tare suka taso daga yamma da ƙafa, da niyyar Makka, suka yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Mutum mai irin wannan asali ka ce ya nuna maka takardar gyara? Haba.

Inusa ya shaida mini motar wata tsohuwar Baturiya ce, asibiti kawai take zuwa da ita. Kada ka yi mamaki in ka ji haka a gareji na gaba ma. Alamu sun nuna tsofaffin Turawa ba su da aiki sai zuwa asibiti a hankali.

Mataki na 4: Nemi ramammiya

Wannan shi ne sirrin sana'a, ka buɗe kunne. Wawa ne ke sayen saniya mai ƙiba, don kuɗin kitsen wani yake biya. Mai hankali ramammiya yake nema, wadda ƙashinta ke da kyau, ya kai ta gida, ya ba ta dusa da harawa da kanwa, bayan wata uku maƙwabta su fara tambayar inda ya samo ta.

A wurin Inusa akwai wata 'yar ƙarama fara, tsaf-tsaf, wadda Hansatu ta tsaya kusa da ita tana shafa madubinta. Kuɗin bijiman ma ya isa. Amma can baya, ƙarƙashin darbejiya, na hango wata doguwa ruwan toka, faffaɗan baya, ƙofa ɗaya ɗaure da waya, fenti duk ya kokkoɗe. Na zagaya ta sau biyu, na bubbuga ƙugunta, na ji ƙarfe na gaske. Na ce a raina wannan yunwa ce kawai ke damunta.

Mataki na 5: Duba ta yadda aka gada

Fara da baki: ƙarafan gaba duk suna nan, ba giɓi. Ido: fitila ɗaya na kawowa, ɗayar kuma sai an ɗan mare ta. Daga nan sai a sa ta yi tafiya a gabanka. Inusa ya ja ta daga darbejiya zuwa bakin ƙofa ya dawo, taku ashirin, ba ɗingishi. Injin da ɗuminsa muka tarar, kuma kada ka tambayi dalilin da ya sa aka tashe ta tun kafin ku zo. Karamci ne.

Hansatu ta durƙusa ta leƙa ƙasa, ta nuna mini baƙin mai yana ɗiga. Ta roƙe ni a hankali, don kada Inusa ya ji, in bari a buɗe bonet. Na ce mata dabbar da ba ta fitsari ita ce abar tsoro. Bonet kuwa ba a buɗe shi a gaban mai kaya. Ka taɓa ganin an farke cikin bijimi kafin a saya?

Mataki na 6: Yi sallama da hannu

Kama hannun mai motar, ku ja, ku saki, ku sake kamawa, har ya ce ya sallama. Ka ce kalas, wato an gama, Allah ya sa albarka. Da zarar igiya ta shiga hannunka ba a mayarwa, haka muka tarar. Ragowar kuɗin ka kai wa yayanka a gaban jama'a, domin a san irin ƙanen da Allah ya ba shi.

Mataki na 7: In ta fara, ka ce baƙunta ce

Kwana huɗu ta yi lafiya. Rana ta biyar ta ƙi tashi, sai da maƙwabta suka tura. Na ce ba ta saba da gidan ba. Rana ta tara ta mutu sau biyu a hanya, nama ya isa tara saura kwata, Hajiya ta karɓa fuska a ɗaure.

Rana ta goma sha uku, ana tsakiyar zafin Afirilu, ta tsaya cak a shatale-tale, hayaƙi na fita ta gaba, cinya huɗu da kayan ciki a but. Hansatu ta kira ni a waya. Na ba ta shawarar masana: ta kai ta inuwa, ta ba ta ruwa. Ita kuwa ta tare kilando biyu, wato 'yan acaɓa, ta ɗora abin da zai ɗoru, ta isa Gardole ƙarfe goma. Hajiya ta riga ta sayi na wani. Ta ce a gaida Gado, a faɗa masa zumunci na nan, amma ita abinci take sayarwa.

Mataki na 8: Yi shiru

Washegari muka ja motar zuwa gareji, ni da Hansatu. Makaniken ya buɗe, ya lakato man da yatsa, ya ce injin nan ya daɗe da mutuwa, mai kauri aka ɗura masa don ya rufe baki na 'yan kwanaki. Ya ce ko wa ke tuƙi, iyakarta ke nan. Mu biyu kaɗai muka ji.

Bayan la'asar Gado ya tara mu a zaure. Ya ce laifinsa ne da ya biye wa yarinya, ga mota da ƙarfinta an ƙone ta cikin sati biyu, ga cinikin shekara ashirin ya tafi. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi permin. Hansatu ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni.

"Baffa, kana wurin. Faɗa masa abin da makanike ya ce."

Ga amfanin sabon direba: kowa ya riga ya yarda shi ne mai laifi, kai ba sai ka yi ƙarya ba. Na yi gyaran murya, na dubi tabarma, na ce, "To, Yaya, koyo ai sai a hankali."

Ta ajiye permin a gaban mahaifinta, ta tashi ta shiga ciki. Gado ya ba ni haƙuri bisa wahalar da na sha a banza.

Sanarwa

Marubucin nan dillalin shanu ne. Ba ruwansa da injin da ya buga, da naman da ya yi wari, da cinikin da ya kuɓuce. Ya yi alkawarin mota da mutunci, kuma duka biyun suna nan: motar a ƙofar gida, mutuncin a kasuwa. Haka kuma ba shi da alhaki in yarinyar ta ci gaba da durƙusa maka kowace safiya, ta gaishe ka da cikakken ladabi, amma ta daina tambayar ka komai, ko da ƙarfe nawa ne. Wannan yana da ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ni yau wata biyar ke nan.