Sunan Baba Ya Fi Ƙarfin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye mu daga makarantar kwamfuta ba, shekara guda bayan soja sun koma bariki. An ce kowa ya gayyato iyayensa su ga abin da ya koya. Babana mai sayar da goro ne a Agege, bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ranar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka matsu cikin motar haya ta danfo.

Abin da na rubuta wa kwamfuta ɗan ƙarami ne: ka buga sunanka, ta gaishe ka da Hausa. Duk shekarar, da harshen kwamfuta na Pascal muke aiki, shi kuwa kamar uwa yake, in ka zuba abu ya wuce gurbin da ka ware masa, sai ya tsayar da kai. Ni kuma na zaɓi harshen C don kawai a ce na fi kowa (abin da ya fi damuna ke nan a lokacin). Malaminmu, Oga Tunde, ya sha gaya mana cewa ƙa'idar C ba ta tilasta a duba irin wannan kuskure ba, ta bar wa mai rubutu. Na gwada da sunan Ali, na gwada da sunan Musa, na ce shi ke nan.

Baba ya zauna, ya yi bisimilla, ya fara lalubo haruffa da yatsa ɗaya. Bai rage komai ba: Alhaji, sunansa, na mahaifinsa, na kakansa, har da garinsu. Yana gamawa fuskar kwamfutar ta cika da wasu zane-zane marasa ma'ana, sannan ta sandare. Iyayen mutane duk sun kewaye mu.

Baba ya janye hannunsa a hankali, ya raɗa mini, "Na ɓata maka aikinka ne?"

Da ƙyar na ce masa a'a, ni ne na ware wa suna ɗan ƙaramin gurbi, ban kuma sa a duba ba. Sai ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ce to a faɗaɗa mata, zai jira. Ya kuwa jira, har ta gaishe shi da cikakken sunansa.

Har ya rasu yana gaya wa abokansa a kasuwa cewa sunansa ya taɓa sumar da kwamfuta. Ni kuma tun ranar, harshen da ya amince da ni fiye da kima nake tsoro, domin na san ko ni wane ne.