Tarkacen Malam Ilu

Malam Ilu na Funtuwa mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, sai dai Allah Ya jarrabe shi da son ajiya. Ko murfin kwalba ya gani a hanya sai ya sunkuya ya jefa a aljihu, ya ce, "Zai yi rana." Da haka da haka ya cika ɗakin zaurensa maƙil: keke babu taya, rediyo babu baya, gwangwanayen fenti, fitilun ƙwai da suka fashe, takalma wari-wari. Matarsa Hajiya Tasalla ta yi mita har ta gaji ta zuba masa ido. To sai ga auren autansu Nafi'u ya taso, kuma wannan ɗakin ne za a sa amarya. Gobe da safe gwaggonnin amarya za su zo jere, ga mai fenti ya ce yau bayan la'asar zai iso. Hajiya kuwa ta san bakin matan nan sarai. In suka zo suka tarar da ɗakin 'yarsu kamar juji, ita za a yi ta yi da ita a gidajen biki har shekara ta zagayo, ba Malam ba.

Tun da sassafe ta aika aka kirawo Ɗantala mai kura, wani dattijo da ya daɗe yana tura amalankensa lungu-lungu yana kwashe wa mutane shara da tarkace. Shi aikinsa da tsari yake: ƙarfe gefe guda ya kai wa 'yan gwangwan, roba gefe guda, abin da ya rage kuma ya wuce da shi bola.

Ɗantala ya naɗe hannun riga ya yi bismilla. Hajiya ta ja mayafi ta tsaya a bakin zaure tana jin sanyi a ranta. Ashe ta yi saurin murna, don Malam Ilu ya jawo kujera ya dasa ta daidai ƙofar ɗakin, wai zai taya da ido.

Abu na farko da ya fito wani kan fanka ne, tsatsa ta cinye shi. Ɗantala ya ajiye shi a gefen ƙarfe.

"Tsaya, tsaya," in ji Malam. "Me ya sa ka ware shi daban?"

"'Yan gwangwan zan kai wa, Malam. Suna saye a kan sikeli."

"Au! Har saye ake yi? Kin ji ko, Tasalla? Shekara nawa ina gaya miki kayan nan suna da daraja? Kawo shi nan, kawo."

Kan fanka ya koma bayan kujera.

Ɗantala ya koma bakin aiki. Ya shiga ya jawo wata katifar rimi wadda ɓeraye suka hayayyafa a cikinta tun zamanin da Nafi'u ke rarrafe. Ya ce a ransa wannan dai ba mai jayayya a kanta, ya cilla ta cikin kura.

"Ita kuma wa zai saya?" in ji Malam.

"Babu, Malam. Bola za ta."

"Bola! Subhanallahi! Katifa sukutum a bola? Ai wannan almubazzaranci ne. Sauke ta, a sake mata riga kawai."

Hajiya ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Abin da ake saye ba zai fita ba don yana da daraja, abin da ba a saye ba zai fita ba don zunubi ne a zubar. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka tashi ka je ka duba masu kafa rumfa."

Ya ce, "Rumfa ba ta gudu. Nan ne ake ɓarna."

Haka aka yi ta yi. Ɗantala ya fito da kaya ta dama, Malam ya karɓe ta hagu. Keken nan na marigayi wansa ne. Rediyon nan a cikinsa ya ji sakamakon jarrabawar malanta. Takalmin nan ɗaya warin yana nan ciki, in aka bincika za a gani. Wata tukunyar ƙarfe mai huji uku har ta hau kura ta zauna, Hajiya ta kawar da kai don kada idonta ya tona, amma ina! Malam ya hango ta, ya ce za a dasa na'ana'a a ciki.

Aka kira azahar, aka yi salla aka dawo. Hajiya ta leƙa ta ga abin takaici: rabin kayan sun fito daga ɗaki, amma duk ga su nan jibge a zaure kewaye da kujerar Malam, ko hanyar wucewa babu. A cikin kura kuwa ban da ƙura da kashin ɓera, sai wani guntun igiya, shi ma Malam yana ta satar kallonsa.

Idonta ya ciko da ƙwalla don haushi. Ta juya wajen mai kura, wanda ke zaune a kan dakali yana fifita da hularsa, ta ce, "Ɗantala, ka gaya mini tsakaninka da Allah. La'asar ta kusa, mai fenti na hanya. Sawu nawa za ka yi kafin ɗakin nan ya zama fili?"

Ɗantala ya dubi tulin kaya, ya dubi Malam Ilu da ke rungume da rediyo, ya mayar da hularsa ka, ya ce:

"Sawu ɗaya tak, Hajiya, in dai Malam zai yarda ya hau."