Ƙarfen da Ya Ƙi Zafi

"Lafiya ƙalau, in ban da matata da ta yi yaji. Ashe kina raye?"

"Ina raye, Tsoho. Kai nake mamaki, har yanzu masu adana kayan tarihi ba su zo sun ɗauke ka ba?"

Haka Baba da jikarsa suke gaisawa, ni kuwa gwaggonta, da nake zaune tare da shi, na daɗe da daina sa musu baki. Baba tsohon mai gyaran rediyo ne. Ya rufe shago tuntuni, amma teburin aikinsa na nan a ɗaki, da ƙaton ƙarfensa na narka dalma mai mariƙin katako. A teburin nan ya koya wa yarinyar liƙa waya tun tana taka kujera kafin ta kai. Ta girma, tana aiki a kantin magani, amma sha'awar haɗa 'yan fitilu da ƙananan lasifikoki ba ta sake ta ba, ƙarfen kakanta kuma shi ke kawo ta duk mako. Yanzu ta kama ɗaki a can ƙarshen gari, zuwanta ya fara ja baya. Baba sai dai ya ja kujera bakin taga ya ce iska yake sha. Tausayi yake ba ni ƙwarai.

Ran nan ta zazzage kwali biyu a kan teburin.

"Tsarabata ce?"

"Ƙarafan liƙi ne na sawa a jaka. Mai shago ya ce in gwada, in zaɓi ɗaya. Na gaji da ratsa gari don in liƙa waya biyu."

Na ga fuskar Baba ta ɗan faɗi, amma nan da nan ya gyara ta.

"Au, samari kika yi, har kika kawo min su gida? To buɗe mu ga wanda zai ƙwace min mata."

"Wannan gas ake ɗura masa, ba ruwansa da lantarki."

"Madalla. Ki babbake girar da dama ba ki da ita. Kin ga hujin nan na gefe? Zafi yake hurawa. Kina liƙa abu ɗaya yana narka na kusa da shi."

"Kai dai kishi ke cin ka." Amma ta mayar da shi kwali, ta zaro na biyu, siriri kamar biro.

"Wannan kuma fa? Ba ni in sakace haƙori."

"Wane haƙorin? Guda ukun da suka rage ai ba sa ga maciji da juna, kowa unguwarsa daban."

"Da su na ci naman sunan ubanki, mara kunya. Me yake ci, shi wannan ɗan tsakon?"

"Fawa bank. Ɗakina wuta sai ta ga dama, dole sai mai batir."

Ta jona shi da fawa bank ɗin da take cajin wayarta, ta ɗora masa dalma. Shiru. Can dalmar ta ɗan yi laushi ta dunƙule, ta ƙi gudana. Baba ya karɓe ƙarfen yana jujjuyawa, yana dariya har da tari.

"Saurayin naki ba jini a jikinsa! Ni da fushi kawai na taɓa narka dalma, ranar da aka ɗauke wuta."

"Ƙarya dai ba ta tsufa a bakinka. Naka ƙarfen ai sai an dafa shayi an shanye kafin ya farka."

"Amma in ya farka fa? Mayar musu da abinsu, amarya. Ƙarfe na nan, tebur na nan, miji na nan."

Ta fara naɗe igiyar fawa bank ɗin a hankali. Da ta sake magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"In na dawo aiki ɗakin nan shiru yake, Tsoho. Ban san kowa ba a gidan. Sai in baje kayan haɗe-haɗena a tabarma in yi ta kallonsu, hannuna na ƙaiƙayi. Har ƙamshin hayaƙin dalma nake ji a hancina."

Baba ya daina dariya. Sai a lokacin na lura tun ɗazu babban yatsansa na danne gindin siririn ƙarfen. Ya ɗaga shi, sai ga wani ɗan rami zagayayye ban da wanda ta jona. Ashe tun farko ya gani, ya ɓoye.

"Ke da idonki kamar na mujiya ba ki ga wannan ba? Yaron ba shi da laifi, yunwa kika bar shi da ita. Abincin waya ba ya isar sa." Ya juyo gare ni. "Jawo min akwatin injin huda katako a ƙarƙashin gado."

Ya zare batirin injin, ya tono kan waya da ya dace da ramin daga gwangwanin tarkacensa, ya kunna tsohon ƙarfensa. Shi yana liƙa kan a jikin wayar da za ta ɗauko wuta daga batirin, ita tana riƙe masa, kawunansu a haɗe kamar da. Ina tsaye ina kallon mutum yana liƙa abin da zai raba shi da baƙuwarsa, sai da na juya na share ido.

Suka jona. Kafin ta gyara zama dalma ta narke ta kwanta, tana sheƙi.

"Tsoho! Ka gani?"

"Na gani. In ya fara sanyi ki cire, kar ki tsotse batirin har ya mutu murus. Ɗauki, na ba ki."

Ta rungume batirin, ta miƙa hannu cikin akwatin za ta ɗauki cajarsa. Baba ya riga ta, ya tura cajar ƙarƙashin cinyarsa ya zauna daram.

"Batir na ce. Caja ba ta cikin kyautar."

"To da me zan yi cajinsa?"

"A nan yake cin abinci. Yadda na san aikinki, mako guda zai kai ki."

Ta tsaya tana kallonsa, sai ta fashe da dariya, idonta ya ciko.

"Ka ci, tsohon ɗan fashi. To in ya ƙare tun ran Laraba fa?"

Baba ya sunkuya yana goge bakin ƙarfensa, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Sai ki zo Laraba," in ji shi.