Makullan Sarkin Ƙofa

Ranar Litinin, huɗu ga watan Maris, shekarar da aka sake wa cibiyar bincikenmu rufi, na fara ganin sabon shugabanmu. Na kai masa takardar kama aiki don ya sa hannu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko na san akwai ƙwayoyin cuta masu riga biyu. Na ce ni akawu ne, ranka ya daɗe. Ya ce ai shi ya sa ya tambaya. Ban fito ba sai da ƙafafuna suka yi tsami, takardar kuwa bai sa mata hannu ba.

Mutumin masani ne, kuma ba ya bari a manta. Rayuwarsa duka ya ƙarar a kan rigar waje ta bakteriya da furotin ɗin da ke dashe a jikinta. Kowanne, in ji shi, ƙofa ce, kamar asabari ne aka naɗe ya zama ganga marar gindi. Ta wani sukari da gishiri ke shiga, wani ba ya karɓar kowa sai baƙon da ya sani, wani kuma aikinsa tofar da magani waje. Direba ya sha wannan darasi, mai shara ta sha, har mai kawo jarida ya koma jefowa daga bakin ƙofa yana gudu. Muka sa masa Sarkin Ƙofa. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka yabo ne.

"Halittar da ido ba ya gani ta fi ku tsari," ya ce mana a taron ma'aikata. "Ita ta san wanda za ta bari ya shigo. Daga yau wannan cibiya ƙwaya ce, ni ne rigarta."

Ya sa wa kowane ɗaki kwaɗo. Ya kwashe makullan ajiya daga aljihun teburina, ya rataya su a ƙugu, tun daga nesa ana jin tahowarsa kamar akuya mai ƙararrawa. Sabulun wanke hannu ma sai da izininsa yake shiga.

A ɗakin can ciki akwai wata tsohuwar firiza mai tsananin sanyi. Duk abin da ke cikinta na ɗalibarsa ne, wata mata mai 'ya'ya da muke kira Uwar Kwalabe. Shekaru ta yi tana bin asibitoci, tana tara ƙwayoyin da suka gagari magani, don ta gano ko toshe ƙofofinsu suke yi. Digirinta na dakta kaf yana cikin firizar nan. Ta roƙe shi makulli ɗaya, ta ce injin ya fara tari.

"'Yata," in ji shi, "ƙwayar da ta buɗe wa kowa, ita magani ke fara kashewa."

A littafin da ya rubuta da hannunsa akwai babi guda, na bakwai, a kan ƙwayar da ta toshe ƙofofi har abinci ya kasa shigo mata. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sai aka gayyace shi wani taro a ƙasar waje, ya yi jawabi a kan hikimar ƙofa. Ya tafi da sabuwar kwat, da makullan duka. Bayan tafiyarsa firiza ta fara kukan gargaɗi. Mai gyara ya zo da kayan aikinsa, ya tsaya a baranda tare da mu, muna sauraro ta bayan katako. Uwar Kwalabe ta yi ta buga wa Sarkin Ƙofa waya har ya ɗauka.

"Rigar da ta tsage ba ta ɗinkuwa," ya ce. "Kada a taɓa mini ƙofa."

Mataimakinsa, mutum mai tsoron inuwarsa, ya ce shi ba zai karya kwaɗon Farfesa ba. Firiza ta yi kuka har ta gaji. Sai da wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa aka kira kafinta. Uwar Kwalabe ta shiga, ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba, ta mayar, ta ɗauki jakarta ta tafi ɗauko yara daga makaranta.

Sarkin Ƙofa ya dawo da allon yabo. Ya toshe hanci, ya leƙa firizar, ya juyo gare mu.

"Kun gani? Babi na bakwai ke nan. Ka'idata ta tabbata."

Uwar Kwalabe ta koma wata cibiya, ta soma tun daga fari. Shi kuwa hukuma ta sauke shi daga shugabanci, ta ba shi ƙaramin ofis a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin tsintsiya. Makulli ɗaya ya rage masa. Kullum ƙofarsa a buɗe take, ya tokare ta da littafinsa don kada iska ta rufe. Ba wanda ke shiga.