Guɗa a Gurbin Fiyano

Ba zan taɓa mantawa da bikin Sadik, ɗan yayana, da aka yi a garin Laurel, kusa da Washington, ba. Ni ce gwaggon ango, kuma duk cikin matanmu na nan babu mai guɗa kamata (ba yabon kai ba, har daga garin Manassas ake zuwa ɗaukata).

Amaryar baƙar fata ce 'yar Washington, kakarta kuwa tsohuwar mawaƙiya ce, mai salon waƙar da suke kira soul. A coci ta fara waƙa tun tana yarinya, ta auri mai kaɗa mata fiyano, suka zaga duniya tare, kuma har gobe salonta matasan mawaƙa suke kwaikwayo. Ni dai ko waƙarta ɗaya ban sani ba. Da ƙyar tsohuwar ta amince da auren nan, shi ya sa Sadik ya ja ni gefe ya ce, "Gwaggo, don Allah idan ta fara waƙa, a bi a hankali."

Na ce, "Ni za ka koya wa zaman biki?"

Tsohuwa ta miƙe da sandarta, ta kama waƙa babu kiɗa. Wallahi muryar nan ta ratsa ni, har na ji ƙwalla. Can sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Wuri ya yi tsit. Na ce a raina, wai mutanen nan ba su san darajar mawaƙi ba ne? Na kama hanci na rangaɗa guɗa, doguwa, har da lanƙwasa a ƙarshe.

Ashe waƙa ba ta ƙare ba. Uwar amarya ce ta raɗa mini cewa nan ne mijin tsohuwar yake amsa mata da fiyano, kuma tun da ya rasu take barin wurin shiru. Sadik ya rufe fuska da hannun babbar riga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ta ƙarasa waƙar, ta aiko a kira ni. Na je ina harhaɗa ban-haƙuri da Turanci. Ta tambaye ni ma'anar wannan ƙara. Na ce a wajenmu haka mace take yi idan daɗi ya fi ƙarfin baki.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Tun da ya tafi babu wanda ya amsa mini a wurin nan. Shi ma haka yake, kullum sai ya shigo kafin lokaci." Ta yi dariya, ta yafito Sadik ya zauna kusa da ita.

Yanzu kam duk bikin da na je, sai na ga masu gida sun fara tafi kafin hannuna ya kai hanci.